Rol-ba zan saka ko in yi cikakken keji gaba ɗaya? Masu walda ku taimaka

Ɗan_Fagge_TX:

Salamu alaikum jama'a, da fatan kowa yana lafiya. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tseren miƙe, wannan da mota biyu ke tashi tare su ci kwatan mil, musamman masu walda a cikinmu. Ina zaune kusa da Dallas a Texas, ina da Mustang ƙirar 1990 da nake haɗawa a gareji a hankali in na taso daga aiki, na cire injinta na asali na ɗora mata mai lita 5.3 na Chevrolet da turbo guda ɗaya. Satin da ya wuce na kai ta filin tsere daren gwaji ta yi sakan 11.30, kuma wlh ko matsa turbon ban yi sosai ba. Ina dawowa mai duba motoci ya tare ni cikin mutunci ya ce to yau kam ka gama, duk motar da ta kai 11.49 ko ƙasa da haka sai da rol-ba, wato bakan ƙarfe na kariya a bayan direba, da bel mai igiya biyar, kar ka dawo da ita sai ka saka.

To abin da ya ɗaure min kai shi ne ni burina motar nan ta shiga cikin sakan tara, ko ba bana ba to baɗi in Allah ya yarda, don injin zai iya, kuɗin giyar mota da taya ne kawai ke riƙe ni. Shin in saka rol-ba yanzu in ci gaba da wasa, ko in daure in yi cikakken keji, wato ƙarafan kariya da ke kewaye cikin motar gaba ɗaya, sau ɗaya? Sannan wane ƙarfe, na gama-gari ko kuromoli, wato ƙarfe mai haɗin kuromiyam da molibdinam, don kowa na tambaya sai ya ce kuromoli ya fi ƙarfi ya fi rashin nauyi amma ni injin waldar MIG, mai aiki da waya da gas, gare ni a gida. Na kuma ga ana sayar da wanda aka riga aka lanƙwasa a intanet har da wanda ake ɗaurewa da noti ba walda, shin yana wucewa wurin masu dubawa? Abu na ƙarshe, motar tana da lamba, ina hawa titi da ita ranar Asabar da Lahadi, wani lokaci yarona ɗan shekara tara yana zama a baya. Na gode.

Baba_Mai_Walda:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa albarka, 11.30 a motar da ka haɗa da hannunka ba ƙaramin abu ba ne. Zan fara da dokar NHRA, wato ƙungiyar tseren miƙe ta Amurka, tunda yawancin filayen da ke wajenku da ita suke aiki, amma ka sauke littafin dokokin na wannan shekarar ka karanta da kanka don suna taɓa shi duk shekara.

Daga sakan 11.49 zuwa 11.00 rol-ba dole ne. Daga 10.99 zuwa 10.00 asalin doka keji ta ce, amma in jikin motar da ƙasanta da bangon da ya raba inji da cikin mota duk suna nan yadda kamfani ya yi ba ka yanka ba, sun yarda rol-ba ya wadatar. Da ka taɓa 9.99, ko ka wuce gudun mil 135 a awa wato wajen kilomita 217, to babu sauran magana sai cikakken keji. Kuma ka lura da maganar gudun nan don nan masu turbo suke faɗawa, motar turbo takan tashi a sanyaye ta ƙare da gudu mai yawa, sai ka ga ta yi 10.20 amma ta haura 135 a ƙarshen layi, mutum yana ganin yana cikin doka alhali ya fita.

Tunda da bakinka ka ce tara kake nema, ka yi keji. Dalilina ba na kuɗi kaɗai ba ne. Bututun rol-ba faɗinsa inci 1 da 3/4 ne, na keji inci 1 da 5/8, ana iya ƙara ƙarafa a kan rol-ba ya zama keji amma sai an sake kwance kujeru da kafet da dashbod da wayarin, a sake kankare fenti, kuma sau da yawa babban bakan bayan direba da aka kafa da farko ba ya zama inda ya dace da sauran ƙarafan. Aiki biyu ne a motar da ba ta da fili a ciki.

Maganar ƙarfe kuma. Doka ta ce in na gama-gari ne kaurin bangon bututun kar ya gaza 0.118 na inci, kusan milimita 3 ke nan, in kuromoli 4130 ne 0.083, milimita 2 da ɗan ɗoriya. Mutane suna ɗauka kuromoli ƙarfe ne marar nauyi, a'a, nauyinsu ɗaya, ƙarfinsa ne ya sa aka yarda a yi bangonsa siriri, a nan ake samun ragin kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko ya ɗan fi. Amma kuromoli da TIG kawai, wato walda mai tsinken tungstan da gas, doka ta yarda a yi waldarsa, MIG ɗinka ba zai wuce ba, kuma ƙarfe ne mai son hannun da ya saba, in aka ba shi wuta fiye da kima gefen waldar yana yin gautsi ya tsage ranar da ake buƙatarsa. Motar titi mai turbo wadda ɗan ƙarin iskar turbo zai rufe bambancin nauyin nan, ni ban ga dalilin kuromoli ba. Ka sayi na gama-gari.

Sai dai ga inda ake kuka. Kar ka sayi bututu mai ɗinki da aka rubuta 0.120 ka ce ai ya fi 0.118. Abin da aka rubuta daban abin da ya fito daga masana'anta daban, yakan zo ƙasa da haka, sannan in an lanƙwasa shi bayan gwiwar yana ƙara sirancewa. Sufeto kuma ba da ido yake dubawa ba, wata 'yar na'ura gare shi da yake ɗorawa a jikin bututun ta karanta masa kaurin da sauti, in ta nuna 0.115 to an gama, sai dai a yanke kejin gaba ɗaya. Shi ya sa masu haɗa keji suke sayen 0.134 in mai ɗinki ne, ko su sayi DOM, wato bututun da aka sake jan sa a masana'anta, wanda kaurinsa ya fi zama daidai. Ka auna kowane sanda kafin ka yanka.

Mustang ɗinka ba ta da shasi daban, jiki da ƙasa haɗe suke, don haka ƙafafun kejin ba za su tsaya a kan gwangwanin ƙasan mota haka kawai ba, in ta kife bututun zai huda ƙasan ya wuce kamar yadda ƙusa ke huda kwali. Kowace ƙafa sai an shimfiɗa mata farantin ƙarfe inci 6 da inci 6 mai kaurin 0.125 na inci, a buga shi ya kwanta da siffar ƙasan a yi masa walda zagaye. Motar 1990 ce, ka duba tsatsa a wuraren nan da kyau, walda a kan tsatsa ba walda ba ce. Kuma in babban bakan a kan faranti ya zauna, akwai wasu gajerun ƙarafa biyu da ake jawowa daga jikinsa zuwa wuri mai ƙwari a ƙasan motar, su ma dole ne kuma su aka fi mantawa.

Waldar kanta a zagaye kowace mahaɗa gaba ɗaya har saman da ke manne da rufi inda hannu ba ya shiga. Yadda muke yi, a huda ƙasan motar a daidai ƙafafun, a sauke kejin ƙasa ya ba da fili a yi waldar saman, a ɗaga shi sannan a tura farantan a ƙarƙashi a rufe. Kuma don Allah kar ka sa giranda a kan walda don ta yi kyau, doka ta hana, sufeto yana ganin an goge zai ɗauka ɓoye wani abu aka yi.

Ɗan_Fagge_TX:

Baba na gode ƙwarai Allah ya ƙara girma, maganar 135 ɗin nan ban san da ita ba sam, ranar nan da mil 124 na ƙare, kenan ba nisa. To amma Baba akwai abin da ban gane ba, abokin aikina yana da sabuwar Mustang ya yi 10.60 a filin nan ɗaya kuma ko sanda ɗaya babu a motarsa ba wanda ya ce masa komai, ya aka yi haka? Sannan shi na noti ɗin fa, ba ka ce komai a kai ba.

Hajiya_Turbo:

Bari in amsa maka wannan kafin Baba ya dawo. Ba son kai aka yi ba, akwai tsari daban na sababbin motocin titi. Motar da aka ƙera daga 2008 zuwa sama suna barinta har 10.00 da mil 135 ba keji, ta 2014 zuwa sama kuma tun 2022 sun buɗe mata har sakan 9.00 da mil 150, da sharaɗin kayan kariyar kamfani suna nan suna aiki, jakar iska da birki da bel da jikin motar ba a taɓa ba. Ginin rufin motar yanzu da na 1990 ba ɗaya ba ne ko kusa. Taka ba ta shiga wannan layin.

Na noti kuma, a rol-ba an yarda a ɗaure da faranti sama da ƙasa a matse ƙasan motar a tsakiya da ƙusoshin noti huɗu aƙalla masu kaurin 3/8 na inci kowanne, amma kai da za ka yi keji ka manta da shi, walda za ka yi. Wanda aka riga aka lanƙwasa ba laifi, yana rage wahala sosai in ba ka da injin lanƙwasa, sai dai ka sani su sun lanƙwasa shi ne don motar ba don kai ba. Doka kuma da jikin direba take auna komai. Ka fara kafa kujerar da za ka yi tsere da ita a inda za ta zauna din-din-din, ka sa hular kwanonka ka zauna wani ya auna. Hular ta kasance a gaban babban bakan ba ƙarƙashinsa ba. Sandar da ke gicciye a bayan kujera inda bel ɗin kafaɗa yake ɗaurewa kar ta haura kafaɗarka kuma kar ta sauka fiye da inci 4 ƙasa da ita, don in ta yi ƙasa da yawa ranar karo bel ɗin zai danna ka ƙasa ya matse ƙashin baya maimakon ya riƙe ka. Sandar ƙofa kuma ta wuce tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Dogon mutum da gajere ba za su yi keji iri ɗaya ba ko da motarsu ɗaya.

A nan zan ɗan saɓa da Baba kaɗan, da girmamawa. Na yarda na gama-gari ya isa, amma ka tambayi kanka da gaske ko a tara za ka tsaya. Kejin da ake magana sitikar amincewa da sufeto ke manna masa tana kai ka sakan 8.50 ne kawai. Daga 8.49 zuwa 7.50 wani littafi ne daban na SFI, cibiyar da ke tsara ƙa'idojin kayan kariyar tsere, na irin motarka mai ƙasan kamfani shi ne 25.5, nauyinta kar ya wuce fam 3,600, kuma ƙarafan da ake ƙarawa a ƙasa da kewayen direba suna da yawa. Masu injin LS na Chevrolet irin naka da turbo na sha ganin wanda ya ce tara ta ishe shi bayan shekara biyu yana neman takwas. In akwai wannan tunanin ko kaɗan ka sayi littafin 25.5 tun yanzu ka kafa babban bakan yadda zai karɓi ƙarin daga baya.

Kuma ka shirya aljihu don keji ba shi kaɗai yake zuwa ba. Daga 9.99 sai sufeton NHRA ya duba ya manna sitika mai lamba a jikin kejin, duk shekara uku a sake, kai ma sai ka yi lasisin tsere. Ragar taga mai tambarin SFI 27.1, bel 16.1 wanda shekara biyu yake yi daga ranar da aka ƙera shi ba ranar da ka saya ba, don haka ka duba kwanan watan kafin ka biya, riga da wando masu hana wuta, makunnin kashe wutar mota gaba ɗaya a baya, in ka kai mil 150 kuma sai lemar da ke buɗewa a baya ta rage wa mota gudu.

Yanzu maganar da ta fi damuna a duk abin da ka rubuta, yaronka. Ɗan'uwa don Allah ranar da ƙarfe ya shiga motar nan yaron ya daina shiga bayanta. Keji an yi shi ne don mutumin da ke sanye da hular kwano, an ɗaure shi tamau da igiya biyar ba ya motsi. A titi ba hula, bel na gama-gari yana barin jiki ya yi gaba ya yi gefe, ƙaramin karo a danja wanda da ba abin da zai faru sai kan mutum ya daki bututu. Wanda ke baya kuma sanduna biyu ne suke wucewa ta gefen kansa ga ta gicciye a gabansa. Ka cire kujerar bayan ma gaba ɗaya kar wata rana a ce ai nan da nan ne. Kai kanka in za ka hau titi sai ka naɗe duk inda kai zai iya kaiwa da abin naɗi mai tambarin SFI 45.1, shi ne dokar daga 9.99, yana da tauri in ka taɓa za ka ce wannan me zai tare, amma haka aka yi shi don ya shanye duka, soso mai laushi irin na rufe bututun ruwa nan take yake lotsewa kai ya isa ƙarfe. A 2007 Eric Medlen direban ƙungiyar tseren miƙe ta John Force ya rasu bayan gwaji a Gainesville ta Florida, tayar motarsa ta samu matsala motar ta yi girgiza mai tsanani kansa ya riƙa dukan kejin, yana sanye da hula, a motar da ƙwararru suka gina. Bayan rasuwarsa aka sake fasalin wurin kan direba a irin motocin aka ƙara abin naɗi mai kauri. To ina ga kan yaro ba hula.

Auwalu_Gareji:

Slm, ku yi haƙuri na shigo muku daga Kano, ina bin zancen nan da sha'awa. Mu nan ba mu da filin kwatan mil mai sufeto amma akwai yara masu wasan juya mota da suke kawo min BMW tsofaffi in saka musu keji, wasu hoto kawai suke nuna min a waya. Gsky abin da ake samu a kasuwa da sauƙi bututun ruwa ne mai ruwan toka da kuma irin wanda ake ƙofa da gadon ƙarfe da shi, walda kuma ta lantarki mai sanda. Baba shin in aka samu mai kauri ba zai yi ba? Don ni ina ganin ko yaya ne ya fi babu.

Baba_Mai_Walda:

Hajiya ta gama magana kan yaron, ɗana ka riƙe wannan fiye da duk abin da na faɗa. Kuma na karɓi gyaranta kan 25.5, gaskiya ne.

Malam Auwalu sannu da aiki, na ji daɗi da ka tambaya kafin ka yi. Amma a wannan ban yarda ya fi babu ba. Bututun ruwa an yi shi ne ya riƙe ruwa a ciki, ba a yi shi don ya ɗauki nauyin mota ta faɗo a kansa ba, na ƙofa da gado kuwa bangonsa siriri ne ƙwarai. In mota ta kife da irin wannan ba lanƙwashewa kawai yake ba, yana ɓallewa a mahaɗa, sai ya zama ga tsinin ƙarfe yana yawo a inda mutum yake zaune, ga shi kuma yaron ya ƙara wuta don yana ganin yana da kariya. Sannan mai ruwan tokan nan in ka sa masa wuta farin hayaƙin da yake fitarwa na zinki ne, yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kai da yaranka na gareji ku ne za ku shaƙa, kuma yana ɓata waldar ta yi ƙofofi.

In za ka yi, ka nemi bututu marar ɗinki wajen masu kayan kamfanoni da na injina, faɗin milimita 41 zuwa 45, bango milimita 3 ko sama, ka je da abin awo ka auna bakinsa da kanka kar ka yarda da faɗar mai shago. Babban bakan ya zama sanda ɗaya aka lanƙwasa da injin lanƙwasa mai kyau, ba a yanka a haɗa gwiwa da walda ba, ba kuma a gasa shi da wuta a tanƙwara ba, in ka ga gwiwar ta yi tamoji ko ta baje to a jefar. Bakin kowane bututu a sassaƙe shi ya rungumi ɗan'uwansa ba rata, kar a cike rami da walda. Dokar da muke magana MIG ko TIG ta sani, ba ta karɓar waldar sanda a keji, kuma akwai masu MIG a Kano, ka haɗa ka kai musu su ƙarasa. Wanda ya ce kuɗin ya yi masa yawa ka ce ya fara da kujera mai kyau da hula ya bar motar yadda kamfani ya yi ta.

Ɗan_Fagge_TX:

Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Maganar yaro ta shige ni, na gaya wa mamansa ma yanzu, kujerar baya za ta fita ranar Asabar. Na tsaya a kan cikakken keji na DOM, zan yi odar littafin 25.5 in duba kafin in kafa bakan. Zan yanka in ɗiga waldar riƙo da kaina amma zagayen ƙarshe zan kai wa wanda aikinsa ke nan, don ban taɓa walda a kwance kaina na kallon rufi ba.

Hajiya_Turbo:

Madalla. Abu ɗaya kafin ka kai wa mai waldar, Texas tana ƙarƙashin shiyya ta 4 ta NHRA, ka shiga shafinsu ka nemo sufeton shasi mafi kusa da kai ka kira shi tun kejin yana kan ɗigon riƙo, ka tura masa hotuna kana zaune a ciki da hula, ta gefe da ta baya. Yawancinsu suna amsawa, kuma matsar da sanda a wannan matakin aikin minti kaɗan ne. Kar ka yi fenti kuma sai ya zo ya gani ya manna sitikar. Ka cire tankin mai da tiyon mai da na birki da ke bin ƙarƙashin inda za a ɗora farantan kafin a kunna wuta, ka kankare baƙin ƙaron da ke manne a ƙasan motar don yana kamawa, kuma wani ya tsaya a gefe da abin kashe gobara har a gama. In ka sa hotunan a nan ma mu gani.